Nyaungshwe, Garin Sarauta a Bakin Tafkin Inle

Duk wanda ya nufi tafkin Inle a jihar Shan ta ƙasar Myanmar, wadda Hausawa suka fi sani da Bama, da wuya bai kwana a Nyaungshwe ba. Daga filin jirgin sama na Heho mota ke kawo baƙo garin, daga nan kuma sai kwalekwale mai inji ya bi wata doguwar mashigar ruwa ya fitar da shi cikin tafki. Yawancin baƙi masauki kawai suke ɗaukar garin. Kaɗan ne ke sanin cewa shugaban ƙasar Bama na farko daga fadar garin ya fito.

A da sunan masarautar Yawnghwe, ɗaya daga cikin manyan masarautun Shan, masu sarakunan da ake kira saopha. Da Turawan Ingila suka ci ƙasar sai suka bar su a kan karagarsu suna mulki ta hannunsu, kusan yadda suka yi da sarakunan Arewacin Najeriya. Sarki na ƙarshe, Sao Shwe Thaik, yana cikin waɗanda suka yi ruwa da tsaki a taron Panglong na 1947, inda mutanen tsaunuka suka amince su haɗe da Bama. Ranar 4 ga Janairun 1948, da aka sami 'yancin kai, shi aka naɗa shugaban ƙasa. Ƙarshensa bai yi daɗi ba. A juyin mulkin Janar Ne Win na Maris 1962 sojoji suka kama shi, suka harbe wani ɗansa a daren, shi kuma ya rasu a tsare kafin shekarar ta fita. Fadarsa ta katako da bulo tana nan a garin, an mai da ita gidan tarihi.

Amma abincin garin a ruwa yake. Tafkin yana kan tudu, kimanin mita 880 sama da teku, tsawonsa ya kai kilomita 22, ga shi ba zurfi, ciyawa ta cika ƙasansa. Wannan ciyawa ce ta koya wa masuntan ƙabilar Intha tuƙin da ya fitar da sunansu duniya: mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin kwalekwale, ya naɗe filafili da ɗayar ƙafar yana tuƙi, idonsa na hango inda kifi ya motsa, hannuwansa biyu kuma suna riƙe da raga ko wani dogon kwandon kamun kifi. Sai dai wasu da ke jiran baƙi a bakin mashiga kuɗin hoto suke nema, masunta na gaskiya suna can ciki.

Noman ma a kan ruwa ake yi. Sukan tara kainuwa da ciyawa da laka su yi doguwar kunya mai yawo, su kafe ta da sandunan gora don kada iska ta tafi da ita, su shuka tumatir. Daga nan ake lodinsa zuwa kasuwannin Mandalay da Yangon. A ƙauyen Inpawkhon kuwa mata ke karya karan wani irin bado su zare siririn zaren da ke ciki, su murza shi a kan allo, su saƙa gyale mai ɗan karen tsada.

Babban wurin ibadar mabiya Buddha a tafkin shi ne Phaung Daw Oo. Gumaka biyar ne a ciki, masu ziyara sun yi ta manna musu fallen zinare har kamanninsu sun ɓace, sun koma dunƙule-dunƙule. Wajen Satumba ko Oktoba ake ɗora huɗu a jirgi mai siffar tsuntsu, a zaga da su ƙauyuka kwana 18, har su sauka Nyaungshwe.

Kasuwa tana zagayawa ne duk kwana biyar, kuma ran nan ake ganin mutanen tsauni. Matan ƙabilar Pa-O sukan sauko cikin baƙaƙen kaya da ɗaurin kai ja ko ruwan lemo. A yankinsu ne Kakku take, inda husumiyoyin ibada fiye da 2,000 suka cunkushe wuri guda. Arewa maso yamma kuma akwai kogon Pindaya a ƙasar ƙabilar Danu, mai gumaka sama da 8,000.

A 2015 UNESCO ta sa tafkin cikin wuraren da ake kare halittunsu, lokacin otal-otal na ta tashi a garin. Sai annobar korona ta zo, juyin mulkin Fabrairun 2021 ya biyo baya, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ambaliyar Satumbar 2024 ta shanye gonaki, girgizar ƙasar 28 ga Maris 2025 ta kifar da gidaje masu yawa da ke tsaye kan turaku cikin ruwa, waɗanda mazauna ƙauyukan suka shiga sake kafawa da gora da katako.