John Mensah Sarbah: Lauyan da Ya Kare Ƙasar Kakanninsa da Alƙalami

An haifi John Mensah Sarbah a shekarar 1864 a ƙasar Fante da ke bakin teku, cikin Gold Coast, wato Ghana ta yau. Mahaifinsa attajiri ne, kuma wakili a Majalisar Dokoki ta mulkin mallaka. Shi ya tura shi Ingila karatun shari'a, inda ya zama cikakken lauya a 1887, na farko daga 'yan asalin ƙasarsa.

Da ya komo gida, sai ya tarar alƙalan Turawa suna yanke hukunci a kan gado da aure da filaye ba tare da sanin al'adun mutane ba, domin al'adun duk a ka suke, ba a rubuce ba. Wannan ya sa ya duƙufa yana tattara su, har ya fitar da littafinsa Fanti Customary Laws a 1897. Kafin nan, a 1891, ya kafa jaridar Gold Coast People domin jama'a su sami bakin magana.

A shekarar da littafin ya fito ne Gwamna Maxwell ya kawo ƙudurin dokar da za ta miƙa wa gwamnati duk filin da ta ce ba shi da mai shi. Sarbah da 'yan uwansa suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙasa a Cape Coast, shi kuma ya tsaya gaban majalisa ya kafa hujja cewa ko dajin da ba a taɓa sara ba, akwai dangi ko masarautar da ke da shi. A 1898 ƙungiyar ta aika wakilai Landan wurin Sakataren Mulkin Mallaka, Joseph Chamberlain, aka jingine dokar. Mai karatu zai gane girman wannan nasara idan ya tuna cewa a Arewacin Nijeriya dokar 1910 ta sanya dukkan filaye a hannun Gwamna.

A 1901 Sarbah ya shiga majalisar da ya taɓa tsayawa gabanta yana jayayya. Ya rasu a 1910 yana da shekara 46.

Abin lura gare mu marubuta shi ne, hujjar da Sarbah ya tsaya da ita daga bakin tsofaffi ya ɗauko ta. Da bai rubuta ta ba, da Bature ya ce zancen baka ne kawai.