Daga Komadugu zuwa Bahiya: tarihinmu da ke cikin harshen Fotugis

A kwanakin baya wani ɗalibin Jami'ar Difa ya shaida wa mahaifinsa cewa burinsa, idan ya kammala, shi ne ya ƙetare teku ya yi karatu a Barazil, kuma har ya soma koyon harshen Fotugis a wayarsa. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, Faransanci na aikin gwamnati ne, Turancin Ingila na kasuwar Maiduguri ne, Larabci na addini ne. Shi wannan na mene ne?" Tambayar mai nauyi ce, musamman a yankin da tun hare-haren watan Fabrairu na 2015 a kan Difa da Boso kowane gida yake ƙirga kuɗinsa sau biyu kafin ya kashe. Amsarta kuwa tana cikin tarihin kwarin Komadugu kansa.

Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa wajajen 1470 kusa da Komadugu Yobe, ya yi fiye da shekara 300 yana fadar daular Barno. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci shi. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya taimaka aka ƙwato birnin, amma bai sake komawa yadda yake ba, kuma daga baya mulki ya koma Kukawa. A cikin wannan hargitsi dubban mutane, Barebari da Hausawa, malamai da manoma, suka faɗa hannun masu kame. Wasu aka bi da su hanyar hamada, wasu aka gangara da su kudu, daga kasuwa zuwa kasuwa, har bakin teku.

Mun san labarin ɗaya daga cikinsu dalla-dalla. Ali Eisami, ɗan wani malami daga yankin Gazargamu, an kama shi, aka yi ta sayar da shi ta ƙasar Hausa da ƙasar Yarbawa har aka sa shi a jirgin bayi. Jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, suka sauke shi a Saliyo a 1818. A can ne ya koya wa Sigismund Koelle harshen Kanuri, abin da ya haifar da littattafan da Koelle ya buga a 1854. Waɗanda jiragensu suka tsere wa tarko kuwa, da yawansu a Bahiya suka sauka, a arewa maso gabashin Barazil, inda magatakardan Fotugal suka rubuta su a takardun ciniki da na gado da sunayen "Haussá", "Bornu" da "Tapa", wato Nufawa.

Ba su zauna shiru ba. A watan Mayu na 1807 hukumar birnin Salbador ta gano shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla, ta murƙushe shi kafin ya tashi. A 1809 wasu suka gudu suka yi faɗa a karkara. A watan Fabrairu na 1814 aka yi babban bore a wuraren kamun kifi da ke kusa da Itapuã, kuma takardun shari'a suka kira jagoransa da laƙabin "malomi". Duk Bahaushen da ya ga wannan kalma ya san malam ake nufi, alƙalamin baƙo ne kawai ya karkata ta. Wanda ya fi shahara shi ne tawayen Male na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, a ƙarshen watan Ramadan, wanda mutum kusan 600 suka shiga, aka kashe kimanin 70 daga cikinsu. A nan sai a yi hattara, domin mun saba jin ana cewa tawayen Hausawa ne. Binciken masanin tarihi João José Reis, wanda ya fara fitowa a 1986 aka faɗaɗa shi a 2003, ya nuna cewa Yarbawa Musulmi ne mafi rinjaye a wannan karo. Duk da haka akwai Bahaushe a cikin malaman da aka tuhuma, Dandará, wanda aka yi wa rajista da sunan Elesbão do Carmo, ɗan kasuwar taba da ke karantar da almajirai a shagonsa.

A jikin waɗanda aka kashe da gidajen waɗanda aka kama, ƴan sanda sun tattara layu da alluna da ƴan takardu masu ɗauke da ayoyi da addu'o'i, da irin rubutun da almajiran ƙasashenmu ke yi. Wani ɓangare na waɗannan takardu yana nan a ma'ajiyar tarihi ta jihar Bahiya, haɗe da bayanan tambayoyin da aka yi wa fursunoni, dukkansu da Fotugis. Bayan shekaru da dama, likita Nina Rodrigues, wanda ya rasu a 1906, ya tarar da tsofaffin ƴan Afirka na ƙarshe a Salbador, ya rubuta jerin kalmomin Hausa da na Kanuri daga bakinsu. Ra'ayinsa game da baƙar fata abin ƙyama ne, ba za a ɓoye ba, amma jerin kalmomin nan sun tsira, kuma ya ji su ne da kunnen da bai san harsunan ba.

A ganina nan ne amfanin ɗalibinmu yake. Masanin Barazil yana karanta Fotugis, sai dai da wuya ya bambance hannun Barno da na Sakkwato a kan allo, ko ya gane sunan gari da magatakarda ya lauye. Yaron da ya tashi a Difa ko Maine-Sorowa ya yi makarantar allo, yana jin Kanuri da Hausa, ya yi Faransanci a lakwal. Harshe ɗaya ya rage masa. Kuma idan ya karanta takardun zai ci karo da abin da ba mu cika son faɗa a tarukan ƙungiyoyinmu ba: kafin Bature ya saya a bakin teku, namu ne suka kama, namu ne suka sayar. Barazil ta hana shigo da bayi a 1850, ta soke bautar baki ɗaya a 1888. A ƙasashenmu kuwa abin ya zarce har cikin ƙarni na 20.

Tekun nan bai tafi da mutane kawai ba, ya kuma kawo kaya. Tattasan da ake shanyawa a bakin Komadugu, wanda ya riƙe tattalin arzikin Difa shekaru da yawa, asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kamar rogo da masara da gyaɗa, kuma jiragen Fotugal na cikin waɗanda suka yaɗa su a gaɓar Afirka. Mahaifin ɗalibin da kansa manomin tattasai ne.

Hanyar zuwa ba mai sauƙi ba ce. Barazil tana da tsarin PEC-G tun 1965, wanda ke ba ɗaliban ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya da ita gurbin karatu ba tare da kuɗin makaranta ba. Benin da Najeriya suna ciki. Amma ci da sha da masauki suna kan ɗalibi, kuma sai ya ci jarrabawar harshe ta Celpe-Bras. Tun 2003 doka ta wajabta koyar da tarihin Afirka a makarantun ƙasar, sannan a 2010 aka kafa jami'ar UNILAB domin hulɗa da Afirka, musamman ƙasashen da ke amfani da Fotugis kamar Gine-Bisau, Angola da Mozambik. Reshenta na São Francisco do Conde, a tsakiyar tsoffin gonakin rake na Bahiya, an raɗa masa suna Campus dos Malês, sunan mutanen da aka harbe a titunan Salbador a 1835.