Tarihin sanin ƙaurar shahon kifi

Shahon kifi, wanda masana ke kira Pandion haliaetus, tsuntsu ne mai farauta da kusan ba ya cin komai sai kifi. Bayansa ƙasa-ƙasa ne, cikinsa fari fat, kuma wani baƙin zane ya ratsa ta kan idonsa. Idan ya buɗe fukafukai faɗinsu yakan kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Yakan tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, sai ya sulmiyo ƙafafu a gaba ya faɗa ruwa, wani lokaci har ya nutse gaba ɗaya. Tafin ƙafarsa na da ƙananan ƙayoyi masu riƙe santsin kifi, yatsansa na gefe kuma yana juyawa baya. Da ya tashi sai ya gyara riƙo, kan kifin ya fuskanci gaba don kada iska ta tare shi.

Ba ya sheƙa a Najeriya. Ɗan cin rani ne: yana isowa Afirka ta Yamma a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, ya yi kaka da hunturu a bakin manyan ruwaye kamar tafkin Chadi, fadamar Haɗeja da Nguru, tafkin Kainji da gaɓar teku, sannan ya kama hanyar arewa a watan Maris. Ke nan tafiyarsa ta saɓa da ta shamuwa, wadda ke zuwa ƙasar Hausa da faɗuwar ruwa ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari.

An daɗe a Turai ba a san inda tsuntsayen da ke ɓacewa da shigowar sanyi suke zuwa ba. A 1822 aka harbo wani tsuntsu ɗan uwan shamuwa kusa da Klütz a Jamus, da guntun mashin Afirka soke a wuyansa. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Daga nan zobban shahon kifin da aka sa a Suwidin da Finlan suka riƙa ɓulla a hannun masunta da mafarauta na Afirka ta Yamma, har da Najeriya. A Finlan, Pertti Saurola ya kafa shirin bin diddigin sheƙunansa a 1971.

Tarihinsa a Birtaniya ya fi ɗaci. Masu harbi da masu tara ƙwai sun ƙarar da shi, har ya daina sheƙa a Sikotlan wajen 1916. Sai a 1954 aka sake samun namiji da mace sun yi sheƙa a Loch Garten. A 1959 George Waterston ya yanke shawarar buɗe wurin ga jama'a maimakon ɓoye shi, mutum kimanin 14,000 suka je kallo a wannan shekara. Tsakanin 1996 da 2001 aka kwashe 'ya'ya 64 daga Sikotlan zuwa tafkin Rutland a Ingila, aka fara haihuwa a can a 2001.

Na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, wadda aka fara ɗaura wa shahon kifi a baya cikin shekarun 1990, ita ta fito da jadawalinsa fili. Yana isa sheƙarsa a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, sheƙar bara ɗin dai. Macen takan yi ƙwai 3, ta kwanta a kansu kwana 35 zuwa 40, 'ya'yan su tashi bayan mako 7 zuwa 8. Abin mamaki, uwar ce ke fara barin gida, tun cikin Agusta, ta bar uban yana kawo kifi. Ɗan da bai taɓa ganin teku ba kuwa shi kaɗai yake tasowa, babu mai nuna masa hanya, ya tsallake Bahar Rum da Sahara. Binciken masana na Jami'ar Lund ya nuna cewa na Suwidin kan yi tafiyar kimanin kilomita 6,700 cikin kwana 45. Komawar bazara ta fi sauri, domin wanda ya makara yakan tarar wani ya gaje masa sheƙa, 'ya'yansa kuma ba za su yi ƙwari kafin sanyi ba. Ƙaramin da ya iso Afirka ba ya komawa a bazarar farko, sai ya kusa shekara 2, haihuwa kuma sai ya kai 3 ko fiye.

In aka lissafa haka, tsuntsun ya fi daɗewa a wajenmu da kan hanya fiye da inda aka ƙyanƙyashe shi. Amma kusan duk abin da aka rubuta a kansa daga gindin sheƙa aka rubuta shi. Wannan giɓi ne babba, kuma a nan Jos ta shigo cikin labarin.

  A cikin shekarun 1960 Victor Smith ya riƙa kama ƙananan tsuntsaye masu ƙaura a Vom kusa da Jos yana auna nauyinsu, ya nuna yadda suke tara kitse kafin su tunkari hamada. A 2002 Jami'ar Jos ta sami cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wato APLORI, a dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos. Cibiyar ta horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama, kuma daga cikinta shirin taswirar tsuntsayen Najeriya ya taso a 2015, inda 'yan sa-kai ke rubuta tsuntsun da suka gani da wurin da ranar. Irin wannan rubutu na yau da gobe ne kaɗai zai nuna ko ranakun zuwan shahon kifi da tafiyarsa suna sauyawa a nan, yanzu da wasu daga cikinsu suka fara yin hunturu a Sifen da Fotugal ba tare da tsallako hamada ba.

Masunci yana da rabo a wannan aiki fiye da kowa, domin shi ke wuni a bakin ruwa, kuma a komarsa tsuntsun kan maƙale. Bayan zoben ƙarfe, na Birtaniya suna ɗauke da shuɗin zobe mai fararen haruffa, a ƙafar hagu idan daga Sikotlan ne, a dama idan daga Ingila ko Wels. Duk wanda ya ga irin wannan zobe, ya rubuta lambar da ranar da sunan ruwan ya sanar da masanan Amurum, in kuma tsuntsun na da rai ya sake shi ya ci gaba da tafiyarsa.