Gwado da Masauki: Lamorde Kafin Gada

Yaran da ke haye gadar Kennedy kullum ba su san cewa sai a 1970 aka buɗe ta ba. Kafin nan, wanda ya fito daga Say ko Torodi zai shiga Yamai, idan dare ya riske shi a Lamorde sai ya kwana, da safe ya nemi jirgin fito. A harshen Fulatanci, ma'anar sunan garin ita ce mazaunin sarki.

Kwanan bakin kogi da hunturu ba wasa ba ne. Abu biyu ke ceton matafiyi. Na farko abin rufa: gwado ko luru na auduga, saƙar hannu ƙwarya-ƙwarya, ko bargon gashin tumaki da ake kawowa daga Masina. Bargo ɗaya kan yi shekaru, har ɗa ya gada. Na biyu masauki. A al'adar fatake, maigida ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya karɓi la'ada. Amana ce jarinsa.

Yau baƙin wannan ƙetare ɗalibai ne, 'yan Jami'ar Abdu Mumuni da suka baro Maraɗi, Damagaram da Tawa. Rigar sanyi ta gwanjo ta maye gurbin gwado, ɗakin haya ya maye gidan maigida. Iyaye, kafin ku sallami yaro, ku saya masa abin rufa mai ƙarko, ku kuma san hannun wanda zai sauka. Malamai, ku tambayi ɗalibanku inda suke kwana.