Ƙwayar Zarra da Motocin Arlit

Shekara da shekaru manyan motoci suna ƙetare gadar Kwara daga Gaya zuwa Malanville, ɗauke da gangunan yuraniyum na Arlit, za su Kwatano. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sai suka daina biyowa. To, mene ne cikin gangunan nan?

Kowace ƙwayar zarra ta yuraniyum tana da cibiya mai nauyi, da waɗansu 'yan mitsi-mitsi 92 kewaye da ita, ana ce da su ilektiron. Ƙarfin da Turawa ke saye a cibiya yake. Ni kuwa, 'yan'uwa, labarin na wajen zan ba ku.

A 1897 Tomson ya gano ilektiron a Ingila. A 1911 almajirinsa Radafod ya nuna akwai cibiya. Sai aka zaci ilektiron yana kewaya ta kamar yadda duniya take kewaya rana. Haka malaminmu ya zana mana a allo a makarantar mishan, ni ma na daɗe ina gaya wa yara haka. Ashe ba daidai ba ne. Da haka yake, da ilektiron ya ƙarar da ƙarfinsa ya fāɗa cikin cibiya kafin ƙiftawar ido, da kuwa babu dutse, babu ruwa, babu mutum.

A 1913 Bor, mutumin Danmak, ya ce ilektiron yana da matakai kamar tsani, ba ya tsayawa tsakanin biyu. In ya sami ƙarfi ya hau. In ya sauko ya saki haske mai launi nasa na kansa. Uwargida ta san wannan ba da suna ba: gishiri ya zuba a murhu, harshen wuta ya yi rawaya. Saukowar ke nan.

Amma Bor ma ya bar masa hanya zagayayya. A 1926 Shirodinga ya yi lissafinsa kamar igiyar ruwa, a 1927 kuma Haizinbag ya nuna ba a iya sanin wurinsa da gudunsa daidai a lokaci guda. Hanya ta ɓace. Abin da ya rage shi ne fili inda aka fi zaton samunsa: wani kamar ƙwallo, wani mai tsukakken ƙugu kamar kalangu.

Ainistain bai gamsu ba, yana ganin da sauran bayani, har ya rasu a 1955. Duk da haka da lissafin nan aka ƙera farantin hasken rana da ke bisa rufin majami'armu.