Rasidin Haraji da Ɗakin Magani: Wa Ake Yi wa Lissafi a Ƙasar Zuru?

A zamanin En'e, magidanci ba ya kama hanyar nesa ba tare da rasidin harajinsa a aljihu ba. 'Yar takarda ce da ba ta cika tafin hannu ba, amma ita ke raba shi da ɗan doka a bakin kasuwa ko a tashar mota. Mutumin Rikoto a garin Zuru ya san abin da aka yanka masa a shekara har zuwa kwabon ƙarshe, ya san hannun da ya karɓa, ya kuma san abin da zai biyo baya idan bai kawo ba. Abin da ba a taɓa buɗe masa ba shi ne ɗaya shafin littafin, wato inda kuɗin suka nufa bayan sun bar hannunsa.

Kuka da haraji ya girmi Turawa a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa jangali cikin abubuwan da ya tuhumi sarakunan Haɓe da su a Kitabul Farƙi. Amma ƙasar Zuru labarinta daban ne. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da maƙwabtansu Fakkawa da Dukawa da Kambari, yawancinsu sun riƙe duwatsunsu da ganuwowinsu, kuma abin da suka fi sani daga wajen Kwantagora shi ne hare-haren Nagwamatse, ba malamin haraji da alƙalami ba. Bayan da Turawa suka ci Kwantagora a 1901, sai wani sabon abu ya shigo: kuɗi a kan kowane baligi, kowace shekara, a rubuce.

Gwamna Lugga ya kafa dokokin haraji a 1904 da 1906, inda aka tattara ɗimbin kuɗaɗen da ake karɓa a da aka mayar da su haraji da jangali, ana raba abin da aka tara tsakanin gwamnati da sarakuna. Da farko rabon sarki nasa ne, ya yi yadda ya ga dama. A Katsina ne Razdan Palmer ya shawo kan Sarki Muhammadu Dikko aka zuba wannan rabo a asusu guda, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, kuma zuwa 1911 tsarin Baitulmali ya bazu a lardunan Arewa. Ba ƙaramin canji ba ne, kuma adalci ne a faɗi haka. An sami ma'aji, an sami ƙiyasin shekara, an sami littafin shiga da fita, Di'o kan zo ba zato ya ƙirga abin da ke cikin akwati. Kuɗin jama'a sun rabu da aljihun sarki, aƙalla a takarda.

Sai dai a dubi inda littafin ya fuskanta. Mai unguwa na kai wa dagaci, dagaci na kai wa hakimi, ma'aji na yi wa Di'o bayani, Di'o na yi wa Razdan, Razdan na yi wa Kaduna. Kowa na amsa tambayar na sama da shi. Wanda ya sayar da dawarsa ko akuyarsa ya biya, shi kaɗai ne ba ya cikin jerin masu tambaya.

A ƙasar Zuru, wadda ke Lardin Neja a lokacin, an haɗa sarautun Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu a ƙarƙashin En'e ɗaya. Ƙarfin kowace En'e kuwa daidai yake da ƙarfin harajinta. Kano, mai gyaɗa da miliyoyin mutane, ta gina asibitin birni daga Baitulmalinta, ta kuma jawo ruwan famfo da lantarki a farkon shekarun 1930. Ƙaramar En'e ba ta da wannan hali. Idan aka fitar da albashin sarakuna da 'yan doka da alƙalai da gidan yari, abin da ke saura wa lafiya bai wuce ɗakin magani na sha-ka-tafi da malaminsa, da duba-gari, da mai lamba ba. Ciwon da ya fi ƙarfin wannan, sai mutum ya nufi asibitin mishan na Tungan Magajiya idan yana da ƙafar zuwa. Neman sulallan haraji na daga abin da ya riƙa fitar da samari daga gida, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa ƙasar Zuru ta yi suna wajen ba sojan Nijeriya 'ya'yanta tun zamanin mulkin mallaka.

Shekarar 1950 ce aka fara ɗaga murya a fili. A watan Agusta aka kafa NEPU a Kano, kuma zaluncin karɓar haraji, da ƙarin da masu karɓa ke ɗorawa don kansu, na cikin manyan abin da take wa talakawa magana a kai. A cikin watan dai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan tawaye ba ne ko kaɗan, ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e baki ɗaya a gyara shi. Dokar En'e ta 1954 ta biyo baya, aka faɗaɗa majalisu, aka shigo da zaɓaɓɓun wakilai. Ƙofar ta ɗan buɗe, amma ba ta kai ga mai rasidi ba.

Abin da ya zo daga baya ya zo da sauri. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e, a shekarar da Zuru ta faɗa Jihar Sakkwato. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, kuma daga nan harajin kai bai sake samun tsohon ƙarfinsa a Arewa ba, ko da yake ya yi ta leƙowa da wasu sunaye. Talaka ya huta da wulaƙancin da ya daɗe yana sha, babu mai hankalin da zai yi kewar bulala. Amma akwai abin da ya tafi tare da rasidin. Kuɗin gwamnati yanzu daga man fetur suke fitowa, a raba a tarayya, su sauko wata-wata. Wanda bai ga fitar kuɗin daga aljihunsa ba, da wuya ya ɗauke su nasa. Nan ne maganar «kuɗin gwamnati» ta samu gindin zama, har gina ɗakin haihuwa ya koma kyautar da ake yi wa shugaba godiya a kanta.

A daidai wannan lokaci kuma aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin lafiya a matakin farko, musamman a zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 1985 zuwa 1992. Jihar Kebbi ta samu a 1991, masarautar Zuru kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce rabonsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Sakamakon haka, idan magani ya ƙare a asibitin unguwa, ana iya nuna shugaban ƙaramar hukuma, shi ya nuna Birnin Kebbi, can kuma a nuna Abuja, kowa da 'yar gaskiyarsa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin ya yi magana kan hanyar da kuɗi za su bi, bai ce komai ba kan wanda za a karanta wa lissafinsu.

Ba wai babu lissafin ba ne. Kowace jiha na da babban mai binciken kuɗi, akwai kuma na ƙananan hukumomi. Tun 2018, wani shirin Bankin Duniya ya riƙa ba jihohi tukuici idan sun wallafa kasafinsu da rahoton bincike a intanet, jihohi kuwa suka yi. Takardu ne masu ɗaruruwan shafuka, da Turanci, an tsara su yadda mai ba da tukuicin zai gamsu. Da Palmer zai dawo, zai gane aikin nan take.

Wuri ɗaya ne littafin ya ɗan juyo ƙasa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, aka fara sa shi a kasafin 2018. Kashi 45 na asusun na bi ta hukumar lafiya a matakin farko don magani da gyaran gini da ma'aikata, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai karɓar kuɗi kai tsaye a asusunsa na banki. Kebbi na da mazaɓu 225, Rikoto na cikinsu. A ƙa'idar shirin, shugaban asibitin ba ya fitar da kuɗi shi kaɗai, sai da sa hannun shugaban kwamitin raya mazaɓa, wanda mutumin unguwa ne da ake haɗuwa da shi a masallaci ko coci ko wajen jana'iza. Kuɗin ba su da yawa, sukan kuma makara. Amma tun daga 1911, wannan na cikin lokuta ƙalilan da aka ajiye wa maƙwabcin mai jinya gurbin sa hannu a takardar fitar da kuɗi.