Yadda aka fara ganin cikin ƙoƙon kai

A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken X-ray a Jamus. Hasken yakan ratsa tsoka, amma kalsiyam na ƙashi yana tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto. To, nan fa matsalar take: ƙoƙon kai yakan rufe ƙwaƙwalwa. Sai a 1971 aka gwada na'urar CT ta Godfrey Hounsfield a Landan. Tana haska kai ta kowace kusurwa, kwamfuta ta lissafa hoton yanki-yanki. Yau idan ɗan kabu-kabu ya bugu a kai a Sakkwato, ita ke nuna jinin da ya taru ciki a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Amma haskenta ya fi yawa, don haka sai likita ya ga dalili.